Shekarar da Yaya Ya Rufe Ƙofar Kafi

Yayana mutum ne mai ƙaton jiki da ƙatuwar murya, amma zuciyarshi ba ta da tauri ko kaɗan. In ya daka tsawa a ƙofar gida kaji su watse, yara su ruga bayan rumbuna, ni kuwa ko gezau, don na san kayana. Shi ya rene ni bayan rasuwar innarmu, shi ya koya mani tafiya ina riƙe da ɗan yatsanshi, shi ne kuma ya aurar da ni bayan babanmu ya bi ta. Ranar da za a kai ni ɗakin miji, gidan da in ka tsaya a ƙofarmu kana hangen jinkarshi, Yaya ya shige bayan rumbu ya daɗe bai fito ba. Da ya fito idanu jajur, wai hayaƙi ne ya shigar mashi. Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa ganin an hura wuta a bayan rumbun nan ba.

Garinmu ɗan ƙauye ne a ƙasar Tasawa, ba nisa da Kona, kuma abin da nake faɗi ya faru tun Nasara ba su shigo ƙasar ba. Kakanmu da wasu magidanta uku suka sari dajin, suka haƙa rijiya, suka zauna. Saboda mahara aka kewaye garin da kafi, wato manyan itatuwa a kakkafe jikin juna, ga ƙaya an jibga ta baya, ƙofa guda ɗaya tak, wadda ake tokarewa da gungume in rana ta faɗi. Da babanmu ya rasu, dattawan gidajen nan uku suka zauna suka ce Yaya ne maigari. Aka kai shi Tasawa Sarki ya naɗa mashi rawani. Ya dawo rawanin ya karkace gefe guda, yana ta gumi yana ƙoƙarin ɗaure fuska, na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Dattawan nan su ne liman, da sarkin noma, da tsohon maƙeri. Kowannensu na da buzunshi, fatar tunkiya ta zama, a zauren maigari. Can take kwana, can take wuni, ba a ɗauke ta. Da safe su zo su zauna, sannan a ji ƙara ko a yi shawara. Maigari ba shi yanke magana shi kaɗai, kowa ya san haka, har mu mata da ba mu shiga zauren.

Maigidana kuwa, ba zan faɗi sunanshi ba, ban faɗa ba yana raye balle yanzu, mutum ne marar magana. Sai ya wuni bai ce uffan ba in ba sallama da bisimilla ba. Ni ke maganar gidanmu duka, tawa da tashi. Gonar da ya gada ta gaji. Ƙuduji ya cinye ta, wannan muguwar ciyawa mai jan fure da ke tsotse hatsi tun daga saiwa. Kana ganin gona ta yi ja kamar abin kirki, in aka zo yanka sai zangarniya ƴar firit. Mun zuba taki, mun bar wani gefe ya huta, mun yi duk abin da ake yi. Shekara biyu a jere rumbunmu bai kai mu bazara ba, ga ƴaƴa uku, ƙaramar ma ba a daɗe da yaye ta ba.

Yana da aboki, wani Bafillace mai shanu da ke sauka bayan garinmu kowace kaka. Shi ya ja shi arewa, wajen Issawane, ya nuna mashi wani kwari da ba a taɓa sa ma hauya ba, ga gawo, ga ruwa ba zurfi. Maigida ya dawo, ya ci tuwo, ya wanke hannu, sannan ya ce, "Za mu tashi." Iyakarta ke nan. Na ce yaushe, ya ce kafin ruwan fari, don sai an yi sassabe, an kafa bukka, in ruwa ya sauka a yi shuka. In ruwan ya riga mu, shekarar ta wuce mu, can babu, nan babu.

A wancan zamani ɗa, wato wanda ba bawa ba, ba shi neman izinin tashi daga gari. Sallama yake yi. Ya je zaure, dattawa su shaida ba shi da wata shari'a a wuyanshi, maigari ya ce Allah ya sa a dace, shi ke nan. Maigida ya kama zakaran gaisuwa ya tafi zaure. Da ya dawo na ce mi Yaya ya ce, ya ce, "Ya ce ya ji."

"Ya ji kawai? Bai yi addu'a ba?"

"Ya ce ya ji."

Na gane bai ji daɗi ba, amma na ce ai Yaya ne, zai huce. Muka shiga shiri. Aka sauke jinkar ɗakina, aka kwance itatuwanta aka ɗaure, don can arewa itacen gini ba shi samuwa da sauƙi. Ɗan hatsin da ya rage muka sussuke muka ɗura a taiki, jakar fata. Bafillacen ya kawo mamu takarkarai, shanun da ke ɗaukar kaya. Ana cikin haka sai ga wasu mutane sun shigo gari daga gabas, ƙafafu duk ƙaya, suka ce mahara sun faɗa ma ƙauyensu sun kwashi mutane da dabbobi. Gari ya ɗauka. Da la'asar ina daka sai na ji gangar maroƙi, yana cewa maigari na gaishe ku, ya ce daga yau babu gidan da zai tashi daga garin nan, babu takarkari ko jaki mai kaya da zai fita ƙofa, har sai ƙasa ta lafa.

Na yar da taɓarya nan take. Ko gari ban kakkaɓe daga jikina ba na nufi gidanmu. Na same shi a tsakar gida yana gyaran igiyar guga, ya gan ni ya ƙara sunkuyar da kai.

"Yaya, mi na ji?"

"Abin da kowa ya ji."

"Kowa? Wa ke shirin tashi a garin nan in ba mu ba? Ai da ka aiko yaro gidana, da ka hutar da maroƙi da gangarshi."

"Auta, zauna."

"Ba ni zama!"

Ya ajiye igiyar. Ya ce in duba mutanen nan da suka shigo yau. Ya ce kowane namijin da ya fita, baka guda ya ragu bisa kafi. In ya bar mu muka tafi, gobe wasu za su biyo, jibi wasu, har a wayi gari tsofaffi kaɗai suka rage su tare mahara da sanduna. Wallahi maganarshi ba ta banza ba ce, ko a lokacin na san haka, shi ya ƙara ba ni haushi.

Na ce, "Gonar tamu ka gan ta da idonka. Mi za mu ci?"

"Ku ci nawa. Rumbunana na nan."

"Mijin nawa ka mai da shi ɗan riƙo? Ya zauna yana jiran matarka ta auno mashi?"

"To ni na hana. Ni ne maigari, ni ne kuma ubanki yanzu."

Nan bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ka rene ni, na gode, Allah ya saka. Amma ba ka saye ni ba."

Ya dube ni kamar na watsa mashi ruwan zafi. Bai yi tsawa ba, da ma ya yi da ya fi mani sauƙi. Ya ɗauki igiyarshi ya ci gaba da tufka, ni kuma na juya na fita.

Da na koma gida na ce ma maigida akwai itace biyu a kafin bayan gidanmu da gara ta ci gindinsu, in muka girgiza za su fita, mu sulale tun gari bai waye ba. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ban yi sata ba. Da rana ubana ya shigo garin nan, da rana zan fita." Na ce to ruwan sama zai jira ranarka? Wannan mutum, Allah ya jiƙanshi, in ya kafe sai dai ka gaji ka bar shi.

Da safe ya ɗora kaya bisa takarkarai, ya ce in ɗauko yara. Muka nufi ƙofa rana tsaka-tsaki, kowa na gani. Samarin da aka sa tsaro sun ja gungumen sun bar ƴar hanya ta mutum ɗaya, mai zuwa gona ya wuce, mai kiwo ya wuce, mai kaya babu. Da suka gan mu suka rasa inda za su sa idanunsu, don a cikinsu akwai wanda ni na yi mashi wankan jariri. Maigida ya tsayar da takarkarai. Ya sauke kayan a gindin tsamiyar bakin ƙofa, ya zauna a kai, yana gaida duk wanda ya gitta. Da yamma ya ɗora kayan muka koma ɗakin da ba jinka. Kashegari ma haka muka yi.

A rana ta biyun ne na ga tsohon maƙeri ya fito daga maƙera yana dogara sanda, ya tsaya ya ƙare mamu kallo, ya wuce gidan liman. Na san inda za su. Na bar yara wurin ubansu, na zaga ta baya na shiga gidanmu, na raɓe jikin zana kusa da ƙofar zaure ta ciki. Gidan ubana ne, wa zai kore ni?

Maƙerin nan ya tsufa tukuf, kunnenshi ya yi nauyi saboda dukan ƙarfe, don haka ba shi magana sai da ihu. Ko ban raɓe ba da na ji shi daga rijiya.

"Maigari! Ranar da muka zaɓe ka, kafin mu kai ka Tasawa, mi muka gaya maka a bakin rijiya?"

Yaya ya ce, "Kun ce ƙofa tawa ce, in rufe ta ga na waje."

"Ga na ciki fa?"

Maƙerin ya ƙara ɗaga murya.

"To in ka manta ni ban manta ba, don ni na faɗa maka da bakina, kamar yadda ubana ya faɗa ma ubanka. Ƙafar ɗa ba taka ba ce. Bakinshi ba naka ba ne, rumbunshi ma haka. Kakanka ya yarda da wannan ranar da ruwa ya ɓullo a rijiyar nan. In da bai yarda ba, wa zai biyo shi daji ya haƙa mashi rijiya, sannan ya zauna a tsare kamar akuya a turke?"

Yaya ya ce, "Baba, wancan lokacin babu irin wanga tsoro."

"Babu tsoro? To kafin nan don ado aka kafa shi?"

Liman mutum ne mai sanyin murya, sai da na kasa kunne sosai. Ya ce, "Maigari, tsoronka gaskiya ne, mu ma muna jin shi. Kana iya sa kowa tsaro muddin yana cikin gari, ba mai musa maka. Kana iya kiran mai tashi ka ba shi shawara, ka roƙe shi, ka yi kuka ma in kana so. Amma tsoro bai ƙara maka abin da naɗi bai ba ka ba. In muka bar maka yau don mahara, gobe wanda zai gaje ka zai rufe ƙofar don wani dalili, ya ce ai an taɓa yi."

Yaya ya ce Sarki a Tasawa ba zai so ya ji gari ya watse a hannunshi ba. Sarkin noma, wanda tun ɗazu bai tanka ba, ya ce shi ma Sarkin akwai masu zaunar da shi, akwai kuma inda hannunshi ke tsayawa, kada a jingina mashi abin da bai aiko da shi ba. Ya ce, "Janye shelar nan, ɗana. Ba abin kunya ba ne."

Na ji Yaya ya ja numfashi. Ya ce, "Na riga na faɗa gaban gari. Ba ni janyewa."

Sai na ji motsi. Na leƙa ta ramin zana na ga tsofaffin nan uku sun miƙe, kowa ya sunkuya ya naɗe buzunshi ya sa a hammata. Ban taɓa ganin haka ba, labari kawai nake ji. Ba su yi zagi ba, ba su ɗaga murya ba, har sallama suka yi mashi. Maƙerin ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "In ka buɗe ƙofar gari ka aiko, buzayen ba su da nauyi." Suka fita suka bar shi zaune, shi da yashin zaure.

Na ce ɗa, don haka aka faɗa. Akwai bayi a garinmu, ba su da yawa, kuma wannan magana ba ta kai kansu ba. Wata baiwar gidanmu na tsaye kusa da ni ranar, da tulu a kanta, ta ji komai daga farko har ƙarshe. Ta dube ni, na dube ta, ta wuce ta zuba ruwanta a randa. Sai da na tsufa na riƙa tuna kallon nan, kuma ba shi yi mani daɗi.

Daga ranar gari ya tsaya cak. Wani ya zo da ƙarar akuyar maƙwabci ta shiga mashi rumbu, ya leƙa zaure ya ga ba buzu, ya juya. Masu rabon gado suka zo, suka juya. Ba wanda ya raina Yaya, ana gaishe shi, ana durƙusa mashi, amma ba mai kawo mashi magana, don an san ko ya yanke ba ta zauna ba. Rawani na kanshi, zaure nashi ne, ga shi nan zaune kamar baƙo. Mu kuma kullum safiya muna gindin tsamiya. Mata na kawo mamu tuwo a ɓoye, wasu kuma na harararmu, suna cewa za mu buɗe ma gari baya. Ban ga laifinsu ba, su ma ƴaƴa gare su.

Rannan na ɗaga kai sai na ga shamuwa ta sauka bisa tsamiyar. Wayyo Allah! Duk ɗan ƙauye ya san in shamuwa ta zo ruwa na tafe. Da yamma gabas ta fara haɗa baƙi-baƙi, iska ta canza. Maigida ya dubi sama, ya dubi kayanmu, ya dafe gwiwa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, don na san in ruwan nan ya same mu a bakin ƙofa, ƴaƴana za su ci shekara da hannu a rumbun wani.

Kashegari da safe sai ga matar Yaya ta zo ta tsuguna kusa da ni. Ta ce tun ranar da aka ɗauke buzaye bai ci abin kirki ba, in ta kai tuwo sai ya taɓa ya ture. Na ce ina ruwana, shi ya jawo. Ta tafi. Ban san lokacin da na tashi na jiƙa hatsi ba. Na daka fura irin wadda yake so, mai yaji sosai, na karɓo nono wurin matar Bafillacen, na dama da kauri, ina damawa ina mita. Da azahar na ɗauka na shiga zauren ta ƙofar ciki, tunda ba dattawa, ba mai cewa mace ta shigo.

Ya faɗa ƙwarai. Ƙaton mutumin nan, wuya duk ya zurma. Na dangwarar da ƙwaryar gabanshi na ce, "Sha. Ba don halinka ba."

Ya ɗauki ludayi, ya sha, ya sha, bai ɗago ba sai da ya kusa ganin gindin ƙwarya. Sannan ya ce, "Auta, in aka tare ku a hanya fa?"

"In aka tare mu, Allah ya rubuta. In mun zauna ma yunwa ta tare mu, ita kuma ba ta kuskure."

"Can babu kafi."

"Za mu kafa. Kaka ma da ya zo nan ai ba kafi ya tarar ba."

Ya riƙa juya ludayin. Can ya ce, a hankali, kamar ba shi ba, "To wa zai riƙa dama mani fura?"

Kai! Nan na gane. Maganar baka da kafi gaskiya ce, amma ba ita ce ta rufe ƙofar ba. Na ji tausayinshi ya rufe ni, na zauna a yashi. Na ce, "Yaya, don fura ka tsare gari guda?" Ya yi wata ƴar dariya, hawaye na bin gemunshi. Na ɗauko maganar da na faɗa rannan, cewa bai saye ni ba, ya ɗaga hannu ya ce in bar ta, gaskiya ce, shi ya sa ta yi zafi. Daga baya ya miƙe, ya gyara rawani, ya fita, na bi shi da ido har ya shiga maƙera. Bai aika ba, da ƙafarshi ya je.

Maƙerin ya ce mashi abin da aka faɗa gaban gari, gaban gari ake janye shi, kuma ba da gangar maroƙi ba, da bakin wanda ya ɗaura. Gungumen ma shi zai ɗauke da hannunshi.

Kashegari da hantsi gari duka ya taru a bakin ƙofa. Mun ɗora kaya. Yaya ya zo ya tsaya, ga wata jakar fata a rataye a kafaɗarshi. Mutumin da muryarshi ke korar kaji, ranar sai ga ta ta maƙale. Ya ce, ƙasa-ƙasa, shelar da ya sa aka yi ya janye.

Maƙerin ya kama kunne ya ce, "Ban ji ba!"

Har yau ban sani ba ko da gaske bai ji ba. Mutane suka fara murmushi. Yaya ya dube shi, ya cika ƙirji, ya ce da muryarshi ta ainihi, "Na ce na janye! Na taɓa abin da ba nawa ba. Ƙofa a buɗe take ga duk ɗan da ke son fita da rana!" Shamuwar da ke bisa tsamiya ta tashi fir. Ya sunkuya ya rungumi gungumen, wanda samari biyu ke ɗagawa, ya jefar gefe shi kaɗai. Ya juyo wurin maigida ya ce, "Allah ya sa a dace." Maigida ya ce, "Amin, Maigari." Liman ya shafa fatiha, sarkin noma ya aiki jikanshi ya kwaso buzaye ya mai da zaure.

Ba a gama shafawa ba sai wani magidanci ya fito daga cikin taro ya durƙusa ya ce shi ma ya zo sallama, zai bi mu bayan kaka. Wani ma ya fito. Abin da Yaya ya ji tsoro ke nan, ga shi a gabanshi tun ba a je ko'ina ba. Ya dubi dattawa, su ma suka dube shi. Ya ce ma kowannensu, "Allah ya sa a dace."

Rakiyar maigari iyakarta bakin gonaki. Yaya ya saɓa ƙaramar ɗiyata a wuya, jakar nan na kafaɗa, ya hana kowa ya karɓa mashi. Muka wuce gonaki, bai tsaya ba. Muka wuce makiyaya, muka shiga sabara, yana ta ba yarinyar labarin kura, ita kuma tana ja mashi rawani. Mutane suka riƙa komawa da ɗai-ɗai. Sai da sarkin noma, wanda ya biyo mu yana haki, ya ce, "Maigari, gari na baya fa."

Ya tsaya. Ya sauke yarinyar ya miƙo mani. Ya ɗora jakar bisa takarkari ya ɗaure da kanshi, yana ɗaurewa yana faɗa ba tare da ya dube ni ba. "Irinku ya gaji kamar gonarku. Wannan shi za ku shuka. Kada ki ba kaji."

Na sa hannu na taɓa. Zangarniyoyi ne dogaye, zaɓaɓɓu, waɗanda yake warewa kowace kaka ya rataye a ɗakinshi don shuka. Na san yawansu, kuma nauyin jakar ya gaya mani bai rage komai ba.

Na ce, "Yaya, kai fa? Ruwa na tafe."

Ya ce, "Ni maigari ne. Ba ni da ikon ƙwata, an gaya mani. Amma in na roƙa ai za a ba ni."

Ya juya da sauri ya kama hanya, bai waiwayo ba. Na tsaya ina kallon bayanshi har sabara ta rufe shi, maigida na jirana bai ce in yi sauri ba.

Mun isa lafiya, ba wanda ya tare mu. Ko bukka ba mu gama kafawa ba ruwa ya sauka, muka bar ta haka muka ɗauki sungumi, maigida na sara ni da yara muna zuba iri muna takewa. Hatsin ya yi, har sai da muka kafa rumbu na biyu.

Bayan kaka Bafillacen ya dawo daga kudu da shanunshi, na tare shi tun bai sauke kaya ba na ce yaya Yaya. Ya fashe da dariya. Ya ce ranar da muka tafi, da la'asar, maigari ya bi gari gida-gida, da rawaninshi da komai, yana sallama yana cewa ya zo roƙon iri. Babu gidan da ya fito hannu wofi, har gidajen da suka harare mu. Wannan ya ba shi dogo, wancan gajere, wani mai saurin nuna, wani mai nawa, ya haɗa duka ya shuka. Ya ce gonar maigari bana ba a taɓa ganin irinta ba, wani hatsin ya fi mutum tsawo, na kusa da shi iya ƙugu, wani ya nuna tsuntsaye na ci wani bai ko fitar da kai ba. Duk wanda ya gitta sai ya tsaya ya yi dariya, shi kuma ya fito ya taya shi.

Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan kuka ya ƙwace mani, Bafillacen ya rasa yadda zai yi da ni.

Ban sake ganin Yaya ba. Kullum ina cewa in hanya ta yi lafiya zan je, in yaran sun ƙara girma zan je, har aka zo mani da labarin rasuwarshi. Na so shi fiye da yadda na taɓa gaya mashi, don bakina bai iya irin wannan magana ba sai faɗa. Irin nan nashi shi muke shukawa har yau.